Yadda Ake Bin Sawun Kakan da Aka Bautar a Amurka ta Takardun Kotu da na Gado

Baƙar fatar Amurka da ke neman tarihin kakanninsa yakan iske hanya a buɗe har zuwa shekarar 1870, domin ƙidayar jama'a ta wannan shekara ce ta fara rubuta 'yantattun bayi da sunayensu, shekara biyar bayan soke bauta a 1865. Kafin nan doka ta ɗauki bawa a matsayin dukiya, saboda haka ba a cika samun labarinsa ba sai inda ake lissafin dukiya, wato a wasiyyar ubangidansa da takardun rabon gado da na bashi da na shari'a. Wannan ne ya wajabta wa mai bincike ya san gidan da ya mallaki kakansa kamar yadda zai san gidansu, ko da kuwa yin hakan yana da ɗaci.

Ana farawa ne daga dattawan gida, a rubuta sunaye da laƙabobi da garuruwan da suka ambata, sannan a riƙa komawa baya ta takardun aure da na mutuwa da na ƙidaya. Mafi yawan takardun ƙidayar 1890 sun lalace a gobarar 1921, don haka daga 1900 sai a tsallaka zuwa 1880, wadda ita ce ta fara bayyana dangantakar kowa da maigida. Idan an gano kakan a ƙidayar 1870, to a rubuta gundumar da yake zaune da sunayen maƙwabta baki ɗaya, domin da yawa daga 'yantattu ba su yi nisa da gonakin da aka bautar da su ba.

Aiki na gaba, wanda ya fi kowane wuya, shi ne gano sunan ubangida na ƙarshe. Kuskure ne a ɗauka cewa kowane 'yantacce ya ɗauki sunan wanda ya mallake shi a 1865, domin wasu sun riƙe sunan wani ubangida na farko, wasu na mahaifinsu, wasu kuma sun zaɓi sabo. Abin dogaro shi ne takardun da 'yantattun suka yi magana a cikinsu da bakinsu. Hukumar kula da 'yantattun bayi, Freedmen's Bureau, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, ta bar yarjejeniyoyin ƙwadago da rajistar aure da ƙorafe-ƙorafe, yayin da bankin ajiyar 'yantattu, wanda ya rushe a 1874, ya riƙa tambayar masu ajiya sunayen iyaye da 'yan'uwa, wani lokaci har da na tsohon ubangida. Takardun neman fansho na baƙaƙen sojojin yaƙin basasa su ma suna ɗauke da shaidar maƙwabta a kan aure da haihuwa.

Da zarar an sami suna, sai a duba jerin bayi na ƙidayar 1850 da ta 1860, inda aka rubuta sunan mai mallaka, aka jera bayinsa da shekaru da jinsi da launin fata, galibi ba tare da suna ba. Wannan jeri yana ƙarfafa zato, amma ba ya zama hujja shi kaɗai.

Hujjar tana kotun gunduma, a cikin takardun gado. A zamanin bauta, idan mai bayi ya mutu, kotu kan naɗa masu ƙiyasta dukiyarsa, su kuma su rubuta kowane bawa da sunansa da farashinsa, sau da yawa a shafi ɗaya da dawaki da kayan ɗaki, kuma sukan haɗa uwa da ƙaramin ɗanta a layi guda. Wannan layi yana da daraja ƙwarai, domin tun daga dokar Virginia ta 1662 ɗa ya kasance yana bin matsayin uwarsa ne, don haka ta wajen uwa ake iya ƙulla zuriya. Bai kamata a tsaya ga wasiyya kawai ba, sai an nemi takardun tarikar duka, domin a nan ake samun yadda aka raba mutane tsakanin matar mamaci da 'ya'yansa, da lissafin waliyyin marayu wanda ke ba da bayi haya shekara shekara, da kuɗin likita ko na ungozoma da ke nuna shekarar da aka yi haihuwa. Inda magada suka yi jayayya har ta kai su gaban alƙali, shaidu sukan faɗi wace ce ta haifi wane da lokacin da aka kawo ta gidan, abin da babu wata takarda daban da ta damu ta rubuta. Dole ne kuma a bi 'ya'ya mata na gidan, domin bayin da aka ba amarya sukan koma ƙarƙashin sunan mijinta, kuma a nan ne sawu yakan ɓace wa masu bincike da yawa.

Littattafan cinikin filaye na gunduma su ma suna ɗauke da takardun sayar da bayi, da na kyauta, da na jingina, da na 'yantawa. Idan suna ya ɓace daga wata gunduma ta Virginia ko Maryland, to a nemi shi a kudu, domin bayan hana shigo da bayi daga ƙetare a 1808 an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya zuwa jihohin auduga da rake, kuma jiragen ruwan da suka kai su New Orleans sun bar jerin sunaye da shekaru da tsayi. Ta irin waɗannan takardu ne aka gano zuriyar mutum 272 da limaman Jesuit masu tafiyar da kwalejin Georgetown suka sayar zuwa Louisiana a 1838. A Louisiana ɗin, magatakardan zamanin mulkin Faransa da Sifaniya sukan rubuta ƙabilar bawa, kuma a cikin bayanan kimanin mutum dubu ɗari da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattara akwai waɗanda aka rubuta cewa Hausawa ne.

Sunaye irin su Mary da John sun yawaita, shekarun kuma ƙiyasi ne kawai, saboda haka ba a yanke hukunci cewa mutum biyu a takarda biyu mutum ɗaya ne sai sunan uwa ko na 'yan'uwa, da wurin zama, da silsilar mallaka sun dace da juna. Inda gobara ta cinye takardun kotun wata gunduma, kamar yadda ya faru a wurare da dama lokacin yaƙin basasa, sai a koma ga takardun haraji, da rajistar coci, da sanarwar gwanjo ko ta cigiyar bayin da suka gudu a jaridu, da kuma kotunan gundumomin da magadan gidan suka ƙaura zuwa cikinsu.