Darasi Na 9: Wane Mai Ya Dace Da Tsohon Keken Ɗinki?

Lokaci: minti 40
Kayan aiki: keke ɗaya, farin ƙyalle, tsohon buroshin haƙori, man keke, man gyaɗa kaɗan, baƙin mai kaɗan

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu a Kebbe, Kuchi da Girkau mun ci bashi daga akwatin ƙungiya mun sayi keken ɗinki na hannu, galibi Butterfly ko Singer baƙi mai feda. Waɗannan kekuna ƙarfe ne zalla, kuma idan an kula da su, uwa za ta yi ɗinki da shi ta bar wa ɗiyarta. Amma ƙarfe yana gogar ƙarfe a cikinsu, dole sai da mai. Keken nan shi ne jarinki, shi ke biyan bashin akwati.

Abin da na gani da idona

A wata ƙungiya da nake zagayawa, ana saura mako biyu ƙaramar Sallah keken wata baiwar Allah ya cije, ga ɗinkin mutane jibge a ɗaki. Na tambaye ta abin da take zuba masa. Ta ce, "Man gyaɗa mana, ai mai duk mai ne." Sai da aka ɗauki kan keken zuwa Tambuwal wajen mai gyara. Kuɗin mota, kuɗin gyara, ga masu kaya sun karɓe abinsu. Wannan watan ba ta iya biyan kasonta ba.

Man da bai dace ba

1. Man gyaɗa, man ja, man kaɗe da man shanu. Ranar farko keke zai yi laushi, amma idan suka sha iska da zafi sai su yi kauri, su daskare kamar ƙaro, su riƙe ƙarafan.
2. Baƙin mai na babur ko janareta. Ya yi kauri da yawa, yana kama ƙura, kuma tabonsa da wuya ya fita daga shadda.
3. Kalanzir. Yana wanke datti, amma yana bushewa ya bar ƙarfe ba kariya. Na wanki ne kawai.

Man da ya dace

Ki nemi wanda aka yi don keken ɗinki, wajen masu sayar da zare da allura. Ki gwada shi kafin ki biya:
- Ya zama garau kamar ruwa. Idan ya koma rawaya, ya tsufa.
- Ki shinshina. Idan kin ji warin kalanzir, an yi masa haɗi.
- Ki murza ɗigo ɗaya a yatsu. Santsi za ki ji, ba danƙo ba.

Yadda ake sa shi

Da farko ki cire allura da ƙoshiya, ki share auduga da ƙurar da ta taru ƙarƙashin haƙoran keke. Mai a kan ƙura laka ce, ita ke cinye ƙarfe. Sannan ki sa ɗigo ɗaya tak a kowane ramin mai da ke saman keke, da sandar allura, da mazaunin ƙoshiya. Ki kwantar da kan keken baya ki sa a gaɓoɓin da ke motsi ta ƙasa, ki kuma tuna da gaɓoɓin feda. Kada mai ya taɓa bel, don zai riƙa zamewa, haka ma faifan da ke matse zare. Ki juya keken ba zare, ki goge, ki fara ɗinka tsumma kafin ki ɗora kayan mutane.

Mai ɗinki kullum ta sa wa mazaunin ƙoshiya kowace safiya, sauran wuraren kuma sau ɗaya ko biyu a mako. Da hunturu a ƙara yawan sharewa, a rufe keke da zane bayan aiki.

Idan keken ya riga ya daskare, ki ɗiga kalanzir a ramukan, ki bar shi ya kwana, ki juya a hankali, ki goge, sannan ki sa man keke. Kada ki ajiye kalanzir a robar ruwan sha, yara suna iya kurɓa.

Aikin taro

A ɗiga kowane mai a kan farin ƙyalle, a shanya, a duba su a taro na gaba. Sannan a tattauna:
1. Mata nawa ne ke da keke a cikinmu, kuma me kowa take zubawa?
2. Za mu iya haɗa kuɗi mu sayo babbar kwalba ɗaya mu raba?

Idan an amince, mai zuwa kasuwar Tambuwal ta jiyo farashi, sakatariya ta rubuta a littafi. Allah ya sa albarka a sana'armu.