Tsibirin da Babu Shi a Taswira: Amsoshin Wasiƙunku

A shirin amsa tambayoyin masu sauraro na wannan mako, wasiƙu uku ne suka faɗo kan batu guda. Ta farko daga wani ɗalibin tarihi ce a Zariya. An ba su littafin Utopia su nazarta, shi ne yake son ya san ko tsibirin da ake magana a kai yana nan da gaske.

"Malam, tsibirin dai babu shi," in ji mai gabatar da shirin, "amma tafiye-tafiyen da suka haife shi an yi su." Ta ce Thomas More, lauya ɗan Ingila, ya wallafa littafin da harshen Latin a garin Leuven a 1516, shekara 24 bayan Columbus ya ƙetare Tekun Atlantika. A lokacin, wasiƙun da ake jingina wa matafiyi Amerigo Vespucci sun bazu a Turai, har Bajamushen nan mai zana taswira, Martin Waldseemüller, ya raɗa wa sabuwar nahiyar sunan Amerigo a 1507. Sai More ya ƙirƙiro wani matafiyi ɗan Fotugal, Raphael Hythloday, ya ce ai a ayarin Vespucci yake, daga nan ya ɓulle zuwa tsibirin.

Birane 54 ne a can. Aikin sa'a shida ake yi a rana, babu mai cewa wannan nawa ne, gidaje ma duk shekara goma ake musanyar su ta hanyar ƙuri'a. Zinariya kuwa an wulaƙanta ta, da ita ake ƙera fo da sarƙoƙin ɗaure bayi. A nan ta ja hankalin ɗalibin: ƙasar da ake yabon adalcinta, ga bayi a cikinta.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambayi abin da ya sa babban lauya zai ɓata lokaci a kan tatsuniya. Amsar ita ce, Ingila More yake yi wa faɗa. Masu ƙasa suna korar manoma daga gonaki don su yi kiwon tumaki saboda ribar ulu, waɗanda aka kora in sun yi sata sai a rataye su. Faɗin haka ƙiri-ƙiri yana da haɗari, shi ya sa ya saka maganar a bakin matafiyi. Wasu sun bi sawunsa. Tommaso Campanella ya rubuta Birnin Rana a kurkukun Naples a 1602, Francis Bacon kuma ya yi New Atlantis, inda gidan binciken kimiyya ne abin alfaharin ƙasar. A Meziko, Vasco de Quiroga ya kafa ƙauyukan Santa Fe a farkon shekarun 1530 bisa tsarin More.

Wasiƙa ta uku daga wani dattijo ce a Kumasi: shin littattafan tafiye-tafiyen wancan zamani sun san da ƙasar Hausa?

"Ƙwarai kuwa, Baba," ta amsa. Alhasan al-Wazzan, haifaffen Granada wanda ya tashi a Fas, 'yan fashin teku sun kama shi a 1518, aka kai shi wurin Fafaroma Leo na 10. Littafinsa na bayanin Afirka, wanda wani mai suna Ramusio ya buga a Venice a 1550 da sunan Leo Africanus, ya ambaci Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir. Har yau masana na muhawara kan ko da ƙafarsa ya zo ko labari ya ji, kamar yadda ake tababar wasu wasiƙun Vespucci.

Ta rufe shirin da kira ga ɗalibai su karanta Utopia tare da wasiƙun matafiyan, su riƙa tambayar wa ya rubuta, don wa, kuma me yake nema. Mai ƙarin tambaya ya aiko da wasiƙarsa kafin shirin mako mai zuwa.