Faifan Birki Ma Yana Cinyewa

Ya kai mai mota, ka sani duk lokacin da ka taka birki, fatu biyu ne ke matse wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Wannan gogayya ce ke tsayar da mota, ita ce kuma ke cin fatar da faifan baki ɗaya. Amma yawancinmu fata kaɗai muke canzawa, faifan kuwa sai ya shekara uku ba wanda ya leƙa shi.

Dubawar ba wuya. Bari mota ta huce tukuna, don faifan da ya sha aiki yana ƙona hannu. A ɗaga ta da jak, a tokare ta da kyau, a cire taya. Sai ka shafa fuskar faifan da yatsa. In ka ji zane mai zurfi kamar kunyar gona, ko bakinsa ya yi tudu, to ya ci. Tsagewa kuwa, komai ƙanƙantarta, ba ta da magani sai sabo.

Masu ƙera faifai sukan buga lamba a jikinsa, wato iyakar sirancin da aka yarda ya kai, a milimita. Sa bakanike ya auna a gabanka. "Zai ƙara kai ka, Alhaji" ba awo ba ne. Faifan da ya sirance ba ya jure zafi, zafi kuwa shi ke kashe birki a gangara irin ta Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga. A can giya ake saukowa da ita, ba a danne birki tun daga sama har ƙasa.

Idan sitiyari na karkarwa in ka taka birki, fuskar faifan ba daidai take ba. Ana iya gyara ta a inji, muddin kaurin ba zai gaza lambar nan ba. In zai gaza, a canza na dama da na hagu tare, da sabuwar fata. Mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa sayen faifai ɗan Kwatano shi ma ya tafi da ma'auni, don wani ya riga ya ci rabinsa.

Bayan an ɗaura, kada ka motsa sai ka tattaka birki ya yi tauri. Kwanakin farko ka bi a hankali, har fata ta zauna a kan faifan.