Bugun Rariya: Yadda Andy Warhol Ya Zana Rayuwar Birni

Darasinmu na fasaha a wannan mako ya shafi salon zanen da Turawa ke kira Pop Art, wato zanen abubuwan gama-gari. Ya ɓulla a Birtaniya a shekarun 1950, ya bunƙasa a Amurka a shekarun 1960. Masu wannan salo sun mayar da hankali ga abin da ɗan birni ke gani kullum: allunan talla, gwangwanayen abinci, hotunan jarida da fuskokin taurarin fim.

Fitacce a cikinsu shi ne Andy Warhol. An haife shi a 1928, ya rasu a birnin New York a 1987. Kafin ya shahara, zanen talla yake yi wa kamfanoni.

Daga 1962 ya rungumi wata dabarar buga hoto da za mu iya kira bugun rariya. Ana ɗaure yadi mai ƙananan ƙofofi a jikin firam, a toshe wuraren da ba a son fenti ya ratsa. Sai a ɗora shi a kan takarda ko yadi, a zuba fenti, a ja shi da faffaɗar roba. Kowane launi da tasa rariyar. Da irin wannan dabara ake buga bajen makaranta a rigunan wasanni.

Amfaninta shi ne hoto ɗaya ya fito sau da yawa. Bayan rasuwar jarumar fim Marilyn Monroe a 1962, Warhol ya buga fuskarta sau 50, rabi da launi mai haske, rabi baƙi da fari, wasu har sun dushe. Ya jera kwalaben Coca-Cola sahu-sahu kamar a kanti. Ya kuma maimaita hotunan haɗarin mota da ya samo daga jaridu.

Me hakan ke nuna mana? A birni, injin da ke yayata lemo shi ne ke yayata fuskar mutum da labarin mutuwarsa. Idan ido ya ga abu sau ɗari, zuciya takan daina jin zafinsa.

Aikin gida: ƙirga tallace-tallacen da ka gani daga gida zuwa makaranta. Wanne ne ya fi maimaituwa, kuma me yake so ka yi?