Hukuncin Ɓoye Labarin Annoba

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya nufi ƙasar Sham, sai Abu Ubaida da sauran sarakunan yaƙi suka tare shi a Sarag, suka shaida masa annoba ta ɓarke. Ba su rage kome ba don kwantar masa da hankali. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Kuraishawa, kana ya juya. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da aka ji annoba a cikinta, ya kuma hana fita daga gare ta don gudu.

Abin lura, an rataya hukuncin ne a kan jin labari. Wanda bai ji ba, ta yaya zai yi aiki da shi? Saboda haka mahukuncin da ya riƙe alkaluman mamata ya toshe wa talakawa hanyar bin umurnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara sanar da yawan mace-mace a Kano, gwamnatin jiha kuwa ta danganta abin ga hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ambaci mamata 979, ya ce mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu. A lokacin an riga an yi musu wanka, an sallace su, an binne.