Wayar Ƙasa a Manyan Layukan Lantarki: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, cikin masarautar Dutse, gine-ginen da ke shan wutar lantarki mai yawa sai ƙaruwa suke yi. Akwai Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, akwai makarantun kwana, da injinan casar shinkafa, da famfunan rijiyoyin burtsatse har a garuruwa irin su Maruta. Sau da yawa hakimi ko malaminsa yakan zauna cikin kwamitin da zai karɓi irin wannan aiki daga hannun ɗan kwangila. Saboda haka ya kamata ya san wata waya guda wadda ba ta kunna ko fitila ɗaya, amma ran mutane ya rataya a kanta, watau wayar ƙasa.

1. Aikin wayar ƙasa

Kowane inji yana da jiki na ƙarfe. In rigar wayar da ke ɗauke da wuta ta ɓare, ta taɓa wannan jiki, to, duk wanda ya dafa shi wutar za ta bi ta jikinsa. Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, na manyan injina kuwa wajen 400, kowanne ya isa ya yi kisa. Wayar ƙasa ita ce ke haɗa jikin injin da tushen wutar. In an sami ɓaraka, wutar takan kwarara ta cikinta da yawa, nan take fis ya ƙone ko bireka ta yanke. In wayar siririya ce, sai ta narke kafin bireka ta yanke, jikin injin ya zauna da wuta ba wanda ya sani.

2. Raba kaya ga waya biyu ko uku

Babban gini yakan bukaci wutar da kebul ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Sai ma'aikata su jera biyu ko uku daga taransifoma ko janareta zuwa babban allon rarraba wuta, su haɗe bakunansu a kowane gefe, su yi aiki kamar ɗaya. Akan shimfiɗa su a kan wani dogon gado na ƙarfe mai kama da tsani, wanda ma'aikata ke kira tire. Sharaɗin wannan jeri shi ne wayoyin su zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya, ƙarfe iri ɗaya, ɗaurin bakinsu kuma iri ɗaya. In ɗaya ta fi gajarta, ita za ta kwashi kaya fiye da 'yan'uwanta, ta yi zafi, kamar jakin da aka labta wa kayan jakai biyu.

3. Inda akan yi kuskure

Ɗan kwangila yakan ce tun da an raba wutar gida biyu, sai a raba kaurin wayar ƙasa ma gida biyu. Wannan lissafi bai yi daidai ba. Wutar aiki ce ke rabuwa. Wutar ɓaraka kuwa a wuri ɗaya take fita, ta taru daga dukan wayoyin, ta afka wa wayar ƙasar da ke kusa da ita. Don haka da girman bireka ake auna wayar ƙasa.

Ga misali daga dokar aikin lantarki ta Amurka, wadda ta yi bayanin wannan al'amari dalla-dalla. Bireka mai amfiya 400 tana bukatar wayar ƙasa ta jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita wajen 27. Mai amfiya 800 kuwa tana bukatar wajen 54. In aka ɗora kebul biyu a kan bireka mai 800, ko da yake kowane yana ɗaukar 400, mai 54 ɗin za a sa. In kowane kebul ya bi bututunsa dabam, tilas kowane bututu ya sami tasa cikakkiya. In kuwa duk suna kwance a tire guda, dokar ta yarda a sa cikakkiya ɗaya ta wadace su, a ɗaure ta da tiren. Ƙa'idar Ingila, wadda aikin lantarkin Nijeriya ya gada, hanyar lissafinta dabam ce, amma manufarsu ɗaya: kada wayar ƙasa ta narke kafin bireka ta yanke.

4. Tire da sandar ƙasa

Tiren kansa ƙarfe ne, lalle ne a haɗa shi da wayar ƙasa, kowane gaɓi kuma a ɗinke shi da na gabansa da guntuwar waya. Fenti da tsatsa da kusar da ta kwance duk suna tare wuta. Dokar Amurka ta hana a dogara ga tiren baƙin ƙarfe a madadin wayar ƙasa in bireka ta wuce amfiya 600, na alminiyam kuwa in ta wuce 2,000.

Haka nan sandar jan ƙarfe da akan kafa a ƙasa ba ta maye gurbin wayar. Ƙasar wannan yanki tana da duwatsu, da rani kuma takan bushe ƙarau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta wuce da wuta sosai. Awon da aka yi da damina ba ya nuna halin da za a shiga da bazara, sai a sake shi.

5. Hukumomin da abin ya shafa

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Jigawa da Katsina tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013. Duba aikin waya da ba shi shaidar inganci kuwa na hukumar NEMSA ne, wadda aka kafa da doka a 2015. Ita ce kuma ke ba masu aikin waya takardar shaidar ƙwarewa.

6. Abin da ya wajaba a kan hakimi da malaminsa

Ba a neman hakimi ya zama injiniya. Abin da ake nema shi ne kafin kwamiti ya sa hannu a biya kuɗi, ya ga an yi waɗannan:

Na ɗaya, ɗan kwangila ya nuna takardar ƙwarewarsa da takardar binciken aikin.

Na biyu, ya faɗi girman bireka da kaurin wayar ƙasa, malami ya rubuta su a littafin ofis tare da kwanan wata.

Na uku, a nuna wa kwamiti wayar da idonsu kafin a rufe tire ko a binne rami. Launinta kore ne da rawaya, ko kuwa jan ƙarfe tsirara.

Na huɗu, a gargaɗi dagatai da masu unguwanni su sa ido. Ɓarayin jan ƙarfe sukan fara da wayar ƙasa, gama ba ta jan mai yanka ta, fitilu kuma ba sa mutuwa balle a farga. In an ga an yanke ta, a kashe wutar wurin, a kai rahoto a ranar, kada a bar kowa ya taɓa injin sai ma'aikaci mai takarda ya mayar da ita.