Shanyewar Ƙafa a Kaji: Abin da Mai Kiwo Zai Yi In Yana Zaton Ciwon Marek Ne

Akwai wani ciwon kaji wanda ba ya zuwa da hayaniya irin ta annoba. Sai dai mai kiwo ya wayi gari ya tarar da budurwar kaza guda a kwance, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya ta miƙe baya, ko kuwa fiffike ya saki yana jan ƙasa. Bayan mako guda wata ta bi sahu. Wannan shi ne ciwon Marek, wanda aka sa wa sunan wani likitan dabbobi na ƙasar Hangari, Jozsef Marek, domin shi ya fara bayyana shi a 1907. Sai a 1967 masana suka gano cewa ƙwayar cuta ce irin ta bairos ke kawo shi.

Ƙwayar tana hayayyafa a gindin gashin kaza, ta fito tare da amosanin fata, ta gauraya da ƙurar akurki, sauran kaji su shaƙa. Tana iya yin watanni da rai a cikin ƙura da shimfiɗar ɗaki, mutum kuma yakan ɗauke ta a riga ko takalmi daga wani gida zuwa wani. Ba ta bi ta cikin ƙwai, watau ɗan tsako yana fitowa lafiya lau, daga baya ne yake kamuwa. Ba ta kuma kama ɗan Adam.

Ciwon ya fi nuna kansa a kajin da ke tsakanin mako 12 da mako 24 da ƙyanƙyasa, ko da yake yakan zo kafin haka. Ban da shanyewa, kaza takan rame ƙwarai, idonta ya koma ruwan toka har ta makance. In likita ya feɗe ta, yakan sami ƙari a hanta, ko saifa, ko ƙoda, ko mahaifar ƙwai, jijiyar cinya kuma ta kumbura.

Amma kada a yanke hukunci da ido kaɗai. Ƙarancin bitamin a abinci yakan naɗe yatsun 'yan tsaki. Rauni ko guba ma suna kwantar da kaza. Wanda ya fi muhimmanci, in kaji suna mutuwa da yawa cikin kwana biyu ko uku, da murɗewar wuya ko koren zawo, to, a yi zaton ciwon Nukasil ko murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006. Wannan kam wajibi ne a sanar da ofishin likitan dabbobi nan take.

Da zarar an ga alama, sai a ware kazar a inuwa, a ajiye mata ruwa da abinci dab da bakinta, domin da yawa ƙishirwa da tattakewar 'yan'uwansu ke kashe su tun ciwon bai gama da su ba. Sa'an nan a nemi malamin dabbobi. Kaza mai ciwo da ranta ta fi amfani wajen bincike. In kuwa ta mutu, a kai gawar a ranar cikin sanyi, kada a daskarar da ita. Ana iya aika samfur zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, ko asibitocin koyar da likitancin dabbobi na jami'o'i, kamar na Zariya da Ibadan da Nsukka.

Lalle ne jama'a su sani cewa ciwon nan ba shi da magani. Kuɗin da ake zubawa wajen sayen kafso a zuba a ruwan sha asara ce, gama irin wannan magani ba ya taɓa bairos. Kazar da ta kasa tashi ta ci da kanta, tausayi shi ne a yanka ta, a ƙona gawar ko a binne ta a rami mai zurfi. Kada a ci, kada a kai kasuwa.

Sauran garken fa? A nan ne masu kiwo suka fi yin kuskure. Tun kafin kaza ta farko ta kwanta, sauran sun riga sun shaƙi ƙurar, kuma wadda ta kamu ta tsira tana ɗauke da ƙwayar har ƙarshen ranta. Saboda haka ba dole ba ne a hallaka garke duka, amma kada a sayar da mai rai ko a ba da kyauta ga mai kiwo, ko da ana ganin ƙalau take. Ƙwan masu lafiya ana cinsa. A rage cunkoso, a yi maganin tsutsar ciki da ƙwarƙwata, a yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, a kwashe tsohuwar shimfiɗa a ƙona, a wanke ɗaki da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Rigakafi ya samu tun wajen 1970, kuma ana yin allurar ne a ƙarƙashin fatar wuya ranar da tsako ya fito. Yi wa babbar kaza da ta riga ta kamu ba ya warkar da ita. Da yake kwalba guda ta tsaki 1,000 ce a galibi, kuma tana lalacewa cikin awa ɗaya ko biyu bayan an haɗa, abin da ya fi sauƙi ga mai kaji kaɗan shi ne ya sayi 'yan tsaki daga gidan ƙyanƙyasa wanda ya tabbatar an yi musu. Allurar tana hana shanyewa da ƙari, amma ba ta hana kaza ɗaukar ƙwayar ta yaɗa ta. Tana kuma bukatar lokaci kafin ta kama jiki, don haka a raini sababbin 'yan tsaki a ɗaki dabam, nesa da manyan kaji, aƙalla mako biyu, mai kula da su kuma ya fara shiga wurinsu da safe kafin ya leƙa akurkin manya.